Rasuwar Vitka, Sandar Fatsar Malam Zijad

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fuskar da har yau ta kasa ɗagowa ta dubi jama'a, Malam Zijad Mulalić na ƙauyen Donji Vir, tsohon malamin makaranta kuma dogarin kogi na ƙungiyar masu fatsa, tare da mai ɗakinsa Razija, suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa tsayawa cikin ruwan kogin Pliva har sanyi ya kashe masa ƙafa, rasuwar abar ƙaunarsu Vitka, sandar fatsa ta gora. Ta rasu ranar Laraba da hantsi, a gurbin da ke ƙarƙashin tsohon injin niƙa, tana da shekara kusan arba'in a duniya. A bakin aiki ta cika. Yadda aka yi ta cika kuwa yana nan tafe a ƙasa, domin mai makokin ya ce a rubuta komai kada a rage, ko da yake lokacin da yake faɗin haka bango yake kallo.

Da aka kai wannan takarda wurin mai ɗab'i, ya tambaya da wane launi za a zagaye ta, kore irin na mamatan Musulmi ko baƙi irin na Kirista. Razija ta ce ya sa duka biyun, don marigayiyar ba ta taɓa tambayar kifi addininsa ba, kuma rabin masu yi mata kuka coci suke zuwa. Abin da ya sa ke nan kuka gan ta da layi biyu a jikin bishiyar bakin gada.

An haifi marigayiyar a shagon Hamdija kafinta, mahaifin Razija, a wani hunturu da dusar ƙanƙara ta toshe hanyar garin Jajce, aiki ya tsaya, tsoho ya rasa abin yi da hannunsa. Ya tsaga gora, ya fere kowane tsagi har ya yi siriri, ya haɗe su da gam, ya naɗe gaɓoɓin da jan zaren siliki. Shi ya raɗa mata suna Vitka, wato siririya. Ranar da aka ɗaura auren 'yarsa da Zijad, ya ja ango gefe ya miƙa masa ita a cikin jakar ƙyalle, ya ce:

"Yaro, yau 'ya'ya biyu na ba ka. Ɗayar tana da baki, za ta iya da kai. Wannan ba ta da shi, don haka sai ka riƙa jin kunyarta. Gashi kaɗai take ci, kada ka kuskura ka ba ta wani abu."

Babu wanda ke buƙatar a fassara masa wannan magana a kwarinmu. Daga gada zuwa ƙasan injin niƙa, ba a yaudarar kifi sai da ƙudan ƙarya, wanda mutum ya ɗaura da hannunsa daga gashin zakara a kan ƙugiya marar ƙaya. Wanda ka kama kuma, ka dubi jajayen ɗigon jikinsa, ka gode masa, ka mayar da shi ruwa. Tana kuwa, tsutsar ƙasar nan, ko sunanta ba a kira a teburin ƙungiya sai in zagi ake nufi. A kan wannan tarbiyya marigayiyar ta tashi, a kanta ta tsufa.

Ta kasance mai sammako. Da bazara, tun ƙanƙarar duwatsu ba ta gama narkewa ba, ruwa yana gudu launin toka, ita ce farkon fita, tana rawar sanyi a hannun maigidanta amma ba ta taɓa cewa a koma gida ba. Idan bazara ta nuna, manyan ƙudaje suka taso daga ruwa, kifi suka fara leƙo hanci suna tsotsa, a nan ake jin muryarta. Ba mai surutu ba ce. Fiiu ta baya, fiiu ta gaba, sai zare ya miƙe a iska ya kwanta, ƙuda ya sauka a kan ruwa kamar yadda uwa ke ajiye jaririn da ya yi barci. In kifi ya ɗauka, kwarkwaron zaren da ke gindinta ya ce ƙirrr, ita kuma ta sunkuya da ladabi. Wannan sunkuyon shi ne duk alfaharinta.

Da rani ruwa yakan ja baya ya yi garau, kifi su zama masu wayon tsiya, inuwar mutum kaɗai ta isa ta kore su. Sandunan zamani na roba sukan fusata a irin wannan lokaci, suna dukan ruwa. Ita haƙuri take ƙarawa. Takan yini a bayan ciyawa tana jira fara ta faɗa ruwa, sannan ta aika tata farar ta ƙarya a bayanta. Da kaka kuma, ganye na bin ruwa, kifi sun yi ƙiba suna shirin zuba ƙwai, takan yi ban kwana da kowane gurbi ɗaya bayan ɗaya kafin a rufe kogi, a hana fatsa sai baɗi. Hunturu a saman kabad take yinsa cikin jakarta, yayin da Malam Zijad ke zaune a teburin kicin da tabarau a kan hanci yana ɗaura mata abincin baɗi. A duk tsawon rayuwarta babu zakaran da ya taɓa kai bazara da cikakken gashin wuya a unguwar, kuma masu zakarun sun yafe mata.

Ba za a yi maganar marigayiyar ba tare da an taɓo maigidanta ba, duk da ya roƙa a taƙaita. Malam Zijad mutum ne mai gaskiya, amma irin gaskiyar da ke son a taru a kalle ta. Tun da ya ajiye alli aka ba shi koriyar hular dogarin kogi, bakin ruwa ya koma masa aji. Yakan bi gaɓa yana leƙa jakunkuna, yana shinshina aljihun mutane, har limamin coci bai tsira ba. In ya ga yatsan mutum da ƙasa a farce, sai ya nemi bayani.

To, kowa ya san bangon gidan gahawar Ljubica, inda ƙungiya ke zama. Sandar da ta karye ba a jefar da ita a kwarin nan. Ranar rufe kogi ake kawo ta, mai ita ya ɗora hannu a kanta ya faɗi yadda ta mutu, sannan a rataye ta gwargwadon mutuwarta. Wadda kifi ya karya tana yaƙi, sama da murhu take zuwa, inda ɗumi yake. Wadda aka zauna a kai ko ƙofar mota ta datse, can kusa da ƙofar ban-ɗaki ake kafa mata ƙusa, masu wucewa suna dariya. Mutum yakan jure a ce bai iya noma ba, amma a ce sandarsa tana bakin ban-ɗaki, wannan har jikokinsa sai sun ji.

A wannan bango akwai abu ɗaya da ba sanda ba, wani gwangwanin kifi da ya yi tsatsa, a kafe daf da ƙofar ban-ɗakin. Na Ostoja Vuković ne, maƙwabcin Malam Zijad, mai gonar itatuwa a ƙasan injin niƙa. Wata kaka, shekarun baya, Malam ya ritsa shi a gurbin da sassafe.

"Ostoja, mene ne a bayanka?"

"Hannuna ne, Malam."

"To kawo hannun mu gaisa."

Gwangwani ne cike da tana. Malam bai tsaya jin komai ba. Ya riƙo shi da yatsa biyu ya ratsa ƙauye da shi, ya karɓi guduma wurin Ljubica, ya kafe shi a gaban kowa, ya ce duk wanda ya sa tana a ruwan nan, ga mazauninsa. Ostoja ya ɗauki hularsa daga dogon tebur ya fita, bai sake taka gidan ba. A ranar Razija ta gaya wa mijinta cewa Stana, matar Ostoja, tana kwance ba ta iya cin komai, soyayyen kifin kogi kaɗai take ambato, shi kuwa Ostoja hannunsa ya fara rawa, ba ya iya jefa ƙuda. Malam ya ce doka ba ta san wannan ba. Stana ba ta ga ƙarshen hunturun ba. Gwangwanin yana nan inda aka kafe shi, kuma marigayiya Vitka tana hannun Malam a safiyar da aka kama shi, ta ga komai.

Yanzu sai maganar ciwon ajali.

Ciwon ya fara ne da bazarar bana, kuma ba a jikinta ya fara ba. Wata ƙatuwar kifanya ce ta tare a gurbin injin niƙa, irin wadda ake gani sau ɗaya a rayuwar mutum, tsawonta ya kusa hannun babba, bayanta baƙi ƙirin. Mutanen gada suka sa mata suna Uwargida, saboda yadda take kwance a gindin dutse tana jira a kawo mata. Duk wani mai sanda a kwarin ya gwada ta ya haƙura. Malam Zijad ya ce su ba manya wuri.

Ya kai mata ƙudan bazara, ta taso a hankali, ta dube shi, ta koma. Da rani ya kai mata fara, ko motsi ba ta yi ba. Ya ɗaura mata sababbi da gashin agwagwa, da gashin zomo, har da zaren da ya zare daga gyalen Razija, duk a banza. Wata rana ma ta taso ta ture ƙudan da hanci, ta haɗiye na gaske da ke gefensa. Masu jiran mota a kan gada suka samu abin kallo kyauta. "Malam, ko ka rubuta mata takardar neman izini?" in ji wani. "Ka sa mata hular, ƙila ta ji tsoro!" in ji wani. Malam yakan yi murmushi, amma in ya koma gida ba ya iya cin abinci. Marigayiyar dai ba ta gaza ba ko sau ɗaya. Duk inda aka aike ta nan take ajiye ƙuda.

Haka aka shiga kaka, rufe kogi ya matso. Ranar Talata Razija ta sa shi ya kafce mata lambu za ta shuka tafarnuwa. Yana juya ƙasa sai ga wata tanar lambu, ja, mai ƙiba, tana miƙa a kan shebur. Malam ya ce ya dube ta ne kawai. Ya ce bai yi niyyar komai ba. Ya kuma ce har yau bai san yadda aka yi ta shiga aljihun rigarsa tare da damshin ganye ba, kuma tun da gidan makoki ne, babu wanda ya ja da shi.

Washegari ya sauka gurbin, hazon kogi bai gama tashi ba. Ya jefa ƙuda, Uwargida ba ta ko juyo ba. Ya waiga dama, ya waiga hagu. Sai ya juya wa gada baya, ya fito da 'yar wuƙarsa, ya aske gashin da ya ɓata yamma guda yana ɗaurawa, ƙugiya ta fito tsirara. Ya laluba aljihu, ya soka abin da ya soka. Ya ce a lokacin ya ji sandar ta yi masa nauyi a hannu, irin nauyin da bai taɓa ji ba, amma bai saurare ta ba. Tana ba ta tashi a iska kamar gashi, don haka babu fiiu a jifan ƙarshe na marigayiyar. Tsulum kawai aka ji.

Abin da ya fi ƙona masa rai har gobe shi ne saurin da Uwargida ta yi. Ko tunani ba ta yi ba. Abin da gwanintar shekara arba'in ta kasa, tanar lambu ta gama shi kafin ya sauke numfashi.

Kwarkwaro ya yi ƙarar da bai taɓa yi ba. Motar kasuwa tana tsaye a kan gada, mutane suka zubo suna ihu, direba ya kashe inji. Daga can sama babu mai ganin abin da ke bakin kifi, abin da suke gani kawai Malam Zijad ne tsaye cikin ruwa har ƙugu, Vitka ta lanƙwashe har kanta na taɓa ruwa. Ta yi iya yinta, wannan kowa shaida ne. Da mai gaskiya ne ke riƙe da ita, da ya saki zare ya bar kifanyar ta gudu ta gaji, kamar yadda shi da kansa ya koya wa rabin kwarin. Amma Malam so yake ya janyo ta da sauri zuwa bayan dutse, ya zare ƙugiyar kafin wani ya sauko da komar kwashe kifi don taimako. Ya danne zare, ya ja da ƙarfi. Marigayiyar ta yi maganarta ta ƙarshe, wadda ba ta fi ƙarar karyewar tsinke ba: ƙas.

Kanta ya rabu da jiki, ya zame ya bi zare ya shige ruwa. Zaren ya tsinke. Uwargida ta tafi da komai.

A kan gada direba ya cire hularsa, sauran suka bi. Kafin Malam ya fito daga ruwa har an rungume shi. Kafin azahar labari ya kai ƙauyukan sama, kifanyar ta ƙara tsawo, yaƙin ya ƙara daɗewa. Ljubica ta hau kujera ta goge wuri a saman murhu, tsakiyar bango sosai, ta ce shekara da shekaru tana ajiye shi don irin wannan mutuwa. Masu ta'aziyya suka yi ta zuwa gida da gahawa da sukari, kowa yana cewa, "Malam, ka yi kuka amma ka yi alfahari, mutuwar jarumai ta yi." Shi kuwa yana zaune da guntun sanda a cinya, duk wanda ya yabe shi sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Aka ɗauka baƙin ciki ne ya hana shi magana. Baƙin cikin yana nan, amma tsoro ya fi shi yawa, domin ya san kan sandar yana wani wuri a kogi, ƙila da ƙugiyar maƙale a jikinsa, kuma ya san gonar wa ruwa ke bi in ya wuce injin niƙa.

Ranar Juma'a da la'asar, bayan baƙi sun ragu, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ostoja ne, wanda bai taka gidan ba tun ranar gwangwani, riƙe da wani dogon abu a naɗe cikin tawul mai tsabta. Ya cire takalmi, ya gaida Razija, ya zauna a bakin kujera.

"Sannu da rashi, maƙwabci. Allah ya ba da haƙuri." Ya warware tawul ɗin a kan tebur. "A saiwar itacen gonata ta maƙale. Na wanke ta, kada a binne ta da laka."

Kan Vitka ne, jan silikinsa ko zarewa bai yi ba. Malam ya buɗe baki zai yi godiya, sai Ostoja ya laluba aljihu ya ajiye kwalin ashana a gefe.

"Wannan kuma ba nata ba ne. Tun a bakin ruwa na raba su, bai dace a gan su tare ba."

Malam ya tura kwalin ya buɗe. Askakkiyar ƙugiya ce, da wani ɗan busasshen abu a jikinta. Wuyansa ya yi ja har kunne.

"Ostoja… maƙwabci, ni…"

"Kada ka wahalar da bakinka, Malam. Wa zan gaya wa? Teburin da ake irin wannan hira ba ni da kujera a wurin." Ya kurɓi gahawar da Razija ta ajiye masa, kofin na rawa a hannunsa. "Amma fa ta yi ƙiba, ko a bushe an ga alama. Irin wannan sai lambun da ake ba taki. Razija, hannunki da albarka."

Razija ta dubi kwalin, ta dubi mijinta, ta ajiye butar gahawa a hankali.

"Nan take ta ɗauka, ko?" in ji Ostoja.

"Nan take," in ji Malam, da muryar da ba a taɓa jin sa da ita ba.

"Haka suke. Ni ma ranar nan take wani ya ɗauka, madaidaici, daidai kasko. Da na hango koriyar hula sai na sake shi. Na koma gida Stana ta ce, ina kifin? Na ce mata ruwa ne ya yi sanyi, sai gobe." Ya shanye gahawar, ya naɗe tawul ɗinsa. "To, bari in koma, na bar wuta a tukunya. A rataye ta a sama, ta cancanta."

Bayan ya fita, Razija ba ta ɗaga murya ba, wanda kuwa duk unguwa ta san ba ɗabi'arta ba ce. Ta ɗauki kan sandar ta haɗa shi da jikin, ta shafa silikin da mahaifinta ya naɗa.

"Zijo, babana cewa ya yi ka ji kunyarta tana da rai. Kai sai da ta mutu ka fara."

Babu wanda zai taɓa sani. Ostoja ba mai magana ba ne, Razija kuma ba za ta tona mijinta a waje ba. Abin da ya rage wa Malam kawai shi ne ya ɗora hannu a kan gawar ranar rufe kogi, ya faɗi rabin labari, a tafa masa. Ya gwada faɗin rabin a gaban madubi, harshensa ya ƙi. Da safe ya sa hularsa, ya ratsa ƙauye da kwalin ashana a hannu, ta hanyar da ya taɓa bi da gwangwani, ya ajiye shi a kan kantar Ljubica a gaban waɗanda ke wurin, ciki har da mai rubuta wannan sanarwa. Ya faɗi komai yana kallon bango.

Ljubica ta leƙa kwalin, ta dafe ƙirji.

"Kai? Kai da ka shinshina aljihun limamin coci?"

"Ni."

"Tana, Malam? Da bakin nan naka da ya hana mu sakat?"

"Daga lambun Razija," in ji shi. "Ki cire ƙusar da kika buga a sama, Ljubica. Ki ba mu wuri a bakin ban-ɗaki."

"Ku wa? Bangona ne, ni ke raba wuri. Sanda ba ta kafce lambu ba, ba ta da aljihu. Tana sama. Kai dai ka nemi inda za ka tsaya."

Babu wanda ya yi dariya a lokacin. An yi ta daga baya, da yawa, kuma mai makokin ya ce a ci gaba, ya ci bashinta.

Marigayiyar ta bar 'yar uwarta ta uba ɗaya, Razija, wadda ta ce tafarnuwar bana ko ta fito ba za ta ci ba. Ta bar abokin zamanta kwarkwaro, wanda tun ranar Laraba bai ce ƙir ba, da tsohuwar koma mai ɓuli, da dogon takalmin roba mai faci a gwiwa, da marayun ƙudaje cike da akwati waɗanda ba su san laifin da suka yi aka fifita tana a kansu ba. Ta bar jakar ƙyallenta a saman kabad. Uwargida ma tana nan da ranta da lafiyarta a gindin dutse, an gan ta jiya tana cin ƙuda na gaske. Daga ƙarshe ta bar maigidanta, wanda ya roƙa a sa sunansa a bayan na takalmin roba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa, ta rufe kogi, bayan azahar, a gidan gahawar Ljubica. Za a shimfiɗe marigayiyar a kan dogon tebur don masu son ganin ta na ƙarshe. Akwai gahawa, akwai barasar rakija ga masu sha, Razija za ta kawo abin taɓawa. Masu kawo furanni su kakkaɓe ƙasar saiwar tun daga gida, saboda halin da mai makokin ke ciki. Ana roƙon kada kowa ya ce masa mutuwar jarumai ta yi.

Kafin a rataye ta, Malam Zijad zai zare gwangwanin bakin ban-ɗaki da hannunsa, ya rataye koriyar hularsa a kan wannan ƙusar, da kwalin ashana a ciki. Kujerar Malam ta dogon tebur an goge ta, an juya ta tana kallon ƙofa, tana jiran Ostoja. Wanda zai ɗaga Vitka ya miƙa ta saman murhu shi ne wanda ya tsamo ta daga ruwa ya wanke ta, in ya yarda. Malam ya je da kansa ya roƙe shi ta kan shinge. Ostoja ya saurara har ƙarshe, ya ce yana da aikin gona ranar Asabar, zai dai duba.

Don haka ana sanar da jama'a cewa ba za a fara ba sai ya zo. Mai makokin zai tsaya a bakin ƙofar ban-ɗaki, kai ba hula, yana jira. Idan rana ta faɗi bai zo ba, za a ɗaga jana'izar zuwa Asabar ta gaba, in ta kama da wadda ke bayanta, ko da dusar ƙanƙara ta toshe hanya. Gora ba ta wari, kuma marigayiyar ta saba jira.